Atamfa Yunik

A shekarar da ruwa ya cinye gonakin wajen Auyo har mutane suka koma zuwa kasuwa a kwale-kwale, a shekarar ce wata kalmar Turanci ta sauka a Haɗeja ta ƙi tafiya. Yunik. Ka bi titin kasuwa ka ga mai aski yunik, tela yunik, mai cajin waya yunik, har mai bandar kifi na kusa da gada sai da ya sa aka rubuta masa ita a jikin kwali. A layi ɗaya sai ka wuce shago uku ko huɗu, kowanne allonsa yana rantsuwa shi kaɗai ne a duniya.

Ni na daɗe ina koyar da Turanci a firamare, na san kalmar tun kafin ta fara yawon talla. Ma'anarta ba wuya: abin da ba shi da na biyu. Tilo ke nan, ƙwaya ɗaya tal. Ba rasa bakin faɗa muka yi ba. Sai dai tilo ba ya sa kaya su yi tsada, shi ya sa aka je aron ta Bature. A rubuce ma kalmar tana jan wasu harufa biyu a gindinta waɗanda ba a furtawa, suna nan dai kamar 'yan rakiyar ɗan siyasa. Masu rubuta allo kuwa kowa yadda ya ga dama yake jera su.

Wanda ya fi kowa ɗaukar kalmar nan a ka wani mai shagon atamfa ne a bakin kasuwa. An ce ya je Kano neman difloma, ya dawo babu ita, amma ya zo da tabarau marar magani da Turancin da bai nuna ba. Shi a wurinsa yunik hawa-hawa ce. Akwai yunik, akwai beri yunik, akwai kuma wadda ta fi duka yunik, ita ce a can saman kanta cikin leda. Na taɓa gaya masa cewa abu ko dai tilo ne ko ba tilo ba, ba a cewa wance ta fi wance zama 'ya tilo. Ya yi 'yar dariyar nan tasa ta cikin hanci, ya ce nawa Turancin aji ne, nasu na kasuwa ne. Tun daga ranar na raina shi, ban kuma ɓoye masa ba.

Da a kan allon shago abin ya tsaya, da ban ɓata tawadata a kansa ba. Amma sai da ya shigo mana gida, ta kan yayata, wadda muke kira Adda.

Mu asalinmu Fulani ne. Shanun sun daɗe da ƙarewa, kunyar ce ta rage mana, ita kam ko ɓarawo bai ɗauka ba. Adda ta yi haihuwa da yawa, amma ɗan farinta ne kaɗai ya tsaya, sauran duk sun koma tun suna goye. Mijinta ya rasu yaron bai isa shiga makaranta ba. Da gumi ta raine shi, wato turara shinkafa: ta sayo ta da ɓawonta daga Auyo, ta jiƙa, ta dafa, ta shanya, ta kai inji. Hayaƙin murhu ya rage mata gani, tafin hannunta ya yi kanta har ba ta jin zafin tukunya. Duk da haka ban taɓa jin ta kira sunan yaron nan ba, ban taɓa jin ta ce ɗana ba. In ta kama dole sai ta ce wancan, ko yaron gidan nan. Ranar da ya gama karatu mata suka cika gida suna yi mata barka, ta ce ita ma haka ta ji ana faɗa, ta ci gaba da juya shinkafarta a kan tabarma.

Sai ga shi ya samo mata, wata yarinya 'yar Jahun da suka yi makaranta tare. A wurinmu in an kawo amarya, kafin a kai ta ɗakinta sai an fara shiga da ita wurin uwar ango, a durƙusar da ita, a ce ga amana. Mai 'ya'ya da yawa in ta rasa na wannan ta samu na wancan. Adda sau ɗaya za a yi mata, daga shi babu wani. Iyaye irinta ma sukan ɓuya ne su bar wa 'yan'uwa karɓar amarya. Amma wata rana muna tsince tsakuwa a shinkafa ta ce mini, ba ta ko dube ni ba, wannan karon za ta zauna. Na gane abin da take nufi, na kuma gane inda matsalar take. Dangin amarya ba su taɓa ganinta ba, don uwa ba ta zuwa kai lefe, ita kuma ko za a yanka ta ba za ta buɗe baki ta ce ni ce ba. So take su shigo su dube ta su gane da kansu. Shi ya sa take neman zanen da babu mai irinsa.

Ita ce ta tambaye ni ma'anar kalmar da ta ji mata suna yi a gidan suna. Na gaya mata gaskiya, na ce abin da ba shi da na biyu. Sai ta ce in raka ta kasuwa.

Mai tabarau ya karɓe mu kamar ya ga gwamna. Hajiya sama, Hajiya ƙasa, alhali ya san Adda ko filin jirgi ba ta taɓa gani ba. Ya taka kujera ya sauko da turmi guda daga saman kanta, ya bubbuge ledar, ya warware mana. Shuɗiya ce mai duhu da zanen ganye ruwan ƙwai. Ba zan yi ƙarya ba, atamfar ta yi kyau. Na tambaye shi ko wannan yunik ɗin ta aji ce ko ta kasuwa. Ya dafa ƙirji, ya ce samfur ce, turmi ɗaya ya shigo.

"Wallahi Hajiya, duk Haɗeja ba za ki ga mai irinta ba."

Adda ba ta yi ciniki ba, ita da take iya wuni tana jayayya a kan mudun shinkafa. Ta kai wa tela da kanta, ta hana shi rataye ɗinkin a inda idon mutane zai gani. Da aka gama ta naɗe kayan ta sa a ƙasan akwati da turaren wuta. Matan unguwa suka yi ta zolayarta ta nuna musu, ta ce ba wani abu ba ne, tsumma ne.

Ranar kawo amarya ta yi wanka tun da azahar ta saka. Ban taɓa ganinta haka ba, har na ji ƙwalla ta zo mini. Ta zauna a bakin gadonta, ga goggonmu a gefe, tsohuwa mai nauyin kunne da aka ɗauko daga ƙauye. Mutanen Jahun suka makara, don ruwa ya ɓata hanya. La'asar ta yi har ta fara sanyi. Adda da ba ta saba zaman banza ba ta ce bari ta leƙa tukwane kada shinkafar baƙi ta kama. Tana can bayan gida wurin murhu muka ji guɗa a ƙofar gida.

Ina tsakar gida suka fara shigowa. Ta farko sanye take da shuɗiya mai ganye ruwan ƙwai. Ta biyu haka. Tsofaffi, 'yan mata, masu goyo, har jaririyar da ke bayan wata an ɗaura mata ɗan ƙyallen a ka. Ankon dangin amarya ke nan, mota biyu cike. Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi.

Na san mai tabarau yana cikin rumfar maza a waje, don ba ya wuce cin biki. Na fita zaure na sa aka yi masa magana. Ya taso da faranti a hannu, shinkafar Adda ce ma yake ci, da kifi. Na nuna masa matan da ke wucewa, na ce ya dubi yunik ɗinsa tana tafiya da ƙafa. Ko kunya bai ji ba. Ya zare ƙaya daga bakinsa, ya gyara tabarau.

"Malama, me na ce? Cewa na yi duk Haɗeja. Waɗannan ai mutanen Jahun ne."

Ya ƙara da cewa daga baya ne sauran dilar ta iso, ya ga bai kamata ya karya alkawari ya sayar a gari ba, sai ya kai wa wani abokin cinikinsa a Jahun. Wato ma yabo yake jira. Har ya ce wannan ya nuna Hajiya tana da ido, tunda abin da ta zaɓa ya karɓu. Na dube shi daga hula har takalmi. Mutumin da ya ari kalma ɗaya tak daga harshen wasu, ita ma ya kasa riƙe ta da gaskiya, me za ka gaya masa? Na bar shi yana tsotsar kan kifi.

Kafin in koma ciki aikin gama ya gama. Gwaggon amarya, wata doguwar mata mai baki wadda ita ce jagorar tafiyar, ba ta san duk waɗanda suka cika motocin ba, don an haɗo da maƙwabta da ƙawayen uwa. Ta ga Adda ta fito daga wajen murhu cikin anko, sai ta ɗauka tasu ce. Ta ɗora mata fanteka cike da alkaki a ka, ta ce ta biyo su ɗakin uwar ango, ta kuma daina tsayuwa kamar baƙuwa. Adda ta ɗauka, ta bi su.

Na kutsa na iske ɗakin ya cika. Goggo tana zaune a bakin gado ita kaɗai cikin farin mayafi, tana murmushi, ba ta jin komai. Suka dube ta suka ga tsohuwa a kan gado, shi ke nan. Aka durƙusar da amarya a gabanta, kanta a lulluɓe. Gwaggon amarya ta kama hannun yarinyar ta sa a cikin na Goggo, ta fara jawabi: ga amana, yarinya ce, in ta yi kuskure a tsawata mata, ke ce uwarta yanzu, Allah ya saka miki da wahalar da kika sha a kan yaron nan, duk mun ji labari. Goggo tana ta gyaɗa kai tana cewa amin, don ta ɗauka addu'a ake yi.

Adda tana tsaye a bakin ƙofa, bayan wasu 'yan mata masu kaya irin nata, fanteka a ka. Duk ta ji. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ji hannun nan nata mai kanta ya damƙe mini tsintsiyar hannu, har sai da na ji zafi. Ta girgiza mini kai kaɗan, yadda alkakin ba zai zube ba.

Aka shafa fatiha, aka ɗaga amarya. Gwaggon amarya ta juyo za ta fita, ta ga Adda ta tare hanya, ta ce baiwar Allah har yanzu ba ki sauke ba? Adda ta matsa gefe ta ba ta wuri. Ta dubi ɗakin da ta yi shekara da shekaru tana kwana a ciki, ta dubi matar, ta tambaye ta a hankali:

"A ina za a ajiye?"