Sunan da Inna Ta Kife a Ƙarƙashin Ƙwarya

Ni 'yar fari ce, kuma duk wanda ya tashi a gidan Hausawa ya san abin da hakan ke nufi. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa, ba ta ma yarda su haɗa ido. Alkunya ke nan. A Arewa akan sauƙaƙa wa kowa, da an yaye yaro a miƙa wa kaka ko gwaggo riƙo. To mu a unguwar Sabo ta Ibadan muke, dangin Inna duk suna can ƙasar Kano, tafiya mai nisa a jirgin ƙasa, babu wanda za a ba wa. Haka na tashi ɗaki ɗaya da matar da ta haife ni. A bakin kowa ni ce Rakiya, a bakinta kuwa ni ce "ke", in ranta ya yi fari kuma "'yar nan".

Sana'ar Inna biyu ce. Da rana tana tuƙa tuwo ana kai wa fataken goro da ke sauka a gidajen unguwa. Amma abin da aka san ta da shi kiɗan ƙwarya ne. Asabe mai ƙwarya! Babu suna ko biki da za a yi a cikin gidajen Sabo mata su yarda a watse ba ta zo ba, 'yan mata kuma har gida suke biyo ta koyo. Takan cika daro da ruwa, ta kifa ƙwarya a kai, ta ɗan karkata ta iska ta fita ɓul-ɓul, sannan ta buga da sanda ta kasa kunne. In iska ta yi yawa a ciki murya ta yi kauri, in an rage ta yi siriri. Takan ce wadda ba ta iya sauraron ƙwarya ba ta je ta daka sakwara, can ne ake neman ƙarfi.

Ni ma ita ta koya mini, amma a kaikaice. In na yi kuskure ba ta dubana, sai ta dubi ƙanwata Lami ta ce, "A gaya wa mai ƙwaryar can ba da ita aka yi faɗa ba, ta sassauta hannu." In Lami ta yi daidai, "Yauwa Lamina, haka nake so!" In ni na yi daidai, shiru kake ji. Kuma wallahi na fi Lami hannu nesa ba kusa ba, kowa ya sani, ita Lamin ma ta sani. Haushi kamar ya kashe ni.

Da an idar da magariba an kwashe tuwo, akan bar garwashi a murhu ƙarƙashin rumfar kwano. Nan muke taruwa da yaran maƙwabta, har da 'ya'yan Iya Mulika, Bayarabiyar da ke bayan katangarmu, waɗanda Hausarsu ta fi ta wasunmu. Ruwan Ibadan ba ya sallama. In ya sauko a kan kwano sai mu matse jikin juna, ƙanshin gasasshiyar masara na tashi, Inna na zaune a kujerar tsuguno da daronta a gefe, don tatsuniyarta ba ta tafiya sai da waƙa. Babanmu direban babbar motar goro ne, shi ya sa takan buɗe da cewa, "Ga ta nan, ga ta nanku, yau a motar goro ta zo." Mu kuma mu ce, "Ta sauka mu ji ta!"

Akwai guda ɗaya da ba ma gajiya da ita. Wai a wani gari akwai dodo a cikin rafi, ba ya fitowa, ba ya bin kowa da gudu. Kunne kawai yake kasawa. Da ya ji uwa ta ƙwala wa ɗanta kira, sai ya riƙe sunan, in yamma ta yi ya kwaikwayi muryarta ya kira, yaro ya amsa ya nufi rafi, shi ke nan. Haka ya yi ta kwashe yaran garin. Sai wata mata ta haifi 'ya mace. Ranar suna liman ya raɗa mata sunan a kunne, uwar kuma ta raɗa shi a cikin ƙwarya, ta yi maza ta kife a kan ruwa, ta yi rantsuwa bakinta ba zai taɓa furta shi ba. A nan Inna takan ɗauki sanda, ta sauke murya:

"Ruwa, ruwa, riƙe mini ajiya,
Abin da na kife, kada ka buɗe."

Mu kuwa mu amsa, "Kada ka buɗe!" har da tafi. Dodo ya kasa kunne shekara da shekaru bai ji komai ba, yunwa ta kore shi daga rafin. Yarinya ta girma, ta yi aure, ta hayayyafa. "Ƙurunƙus," in ji Inna, "wanda bai ƙoshi ba ya lashi murfin tukunya."

Wata rana rashin kunyata ta motsa. Ina jin a lokacin ban wuce shekara tara ba. Na ce, "To bayan dodon ya tafi fa? Me ya hana ta buɗe ƙwaryar ta kira 'yarta ko sau ɗaya?" 'Yar fari kuwa ba ta yi wa uwa tambaya gatsal haka. Inna ba ta dube ni ba. Ta ɗauki itace ta tona garwashi, ta ce wa wutar, "A gaya wa mai tambaya, dodo ba ya mutuwa, ƙaura yake yi." Ban gamsu ba ko kaɗan. Na kwanta ina ƙunƙuni, ina cewa a raina wannan matar tatsuniya muguwa ce kawai, kamar wata da na sani.

Sai ƙasa ta rikice. Mu yara ba mu fahimci komai ba, sai dai mun ga manya na taruwa a bakin rediyo, wasu maƙwabta sun ɗaure kaya sun yi Arewa, samarin unguwa na shiga soja. Da yaƙi ya yi zafi aka ɗauki motar su Baba jigilar kayan soja. Ya shigo da safe ya yi sallama, ya shafa kaina ya ce, "Rakiya, ki kula da Innarki." Inna tana tsugune tana wanke ƙore, ta ce, "Allah ya kiyaye hanya, Maigida." Shi ma ba ta taɓa kiran sunansa ba, kamar kowace matar kirki ta zamaninsu. Ba a kawo gawa ba, ba a kawo labari ba. Aka gama yaƙi, masu dawowa suka dawo, ta jira har malamai suka ce ta yi takaba. Tun daga nan tatsuniya ta daina zuwa a motar goro. "Ga ta nan" kawai take cewa, daga baya ma ta daina gaba ɗaya. Da ƙwarya ta ciyar da mu har ta aurar da mu, Lami ta tafi Zariya, ni aka kai ni lungu biyu daga gidanmu.

Gigin tsufa ya fara mata a hankali, har muna dariya. Ta zuba gishiri a koko. Ta yi sallar la'asar sau biyu. Sai wata rana aka neme ta aka rasa, hankalina ya tashi, na zaga Sabo lungu-lungu ba takalmi. Wani mai faci ne ya gano ta a shataletalen Mokola, tana tsaye tana leƙa kowace babbar mota. Da na kamo hannunta sai ta ce wa mai facin, "Ɗanladi nake jira, yau zai dawo."

Ɗanladi sunan Baba ne. Matan da suka biyo ni suka tuntsire da dariya, wai tsohuwa ta tuna saurayinta. Ni kuwa ban taya su ba. Matar da ta yi shekaru fiye da arba'in ba ta furta wannan suna ba, ko bayan ransa, yau ga shi ta yar da shi a bakin titi gaban mai faci. Nan na gane ba mantuwar gishiri da sukari kaɗai ba ce. Abin da ta kife ne ya fara buɗewa, kuma na san sunan da ya rage a ciki.

Na ɗauko ta na dawo da ita ɗakina. Kullum da safe in zan kai mata koko sai gabana ya faɗi a bakin ƙofa. In na shiga ta kawar da kai ta ce, "Ke, ajiye nan," sai in ji kamar an yi mini bushara da kujerar Makka. Kai, duniya! Ni da na ƙare ƙuruciyata ina jin haushin wannan "ke", ga ni ina roƙon Allah ya bar mini ita. Ta manta Lami, ta manta jikokinta, ta manta inda alƙibla take. Amma muddin tana kawar da kai in na shigo, na san akwai wani lungu a zuciyarta da ya san ni ce ta fari.

Hannunta ne ya fi komai daɗewa. In ta rikice tana neman hanyar fita, sai in cika daro in kifa ƙwarya in tura gabanta. Yatsunta su karkata ta da kansu, ɓul-ɓul, ta buga ta kasa kunne, ta natsu.

Ranar da abin ya faru Laraba ce, bayan la'asar. Iya Mulika ta zo dubiya, ita ma ta tsufa tana dogara sanda. Inna ta ƙi karɓar sandar kiɗa, sai na ɗauka na fara bugawa da kaina, ina rera waƙar nan ta ruwa da ajiya. Ina cikin yi na ji ana kallona. Na ɗaga kai. Inna ce, ta zuba mini ido tar a tsakiyar fuska, abin da ba ta taɓa yi ba tun da nake. Tana murmushi.

"Baiwar Allah," ta ce, "wa ya koya miki? Kin iya. Wallahi kin iya."

Sanda ta tsaya a hannuna. Na ce, "Wata mata ce a nan Sabo."

"Ta iya koyarwa. Hannunki kamar na Rakiyata." Ta matso ta rage murya kamar mai gulma. "Ina da 'ya, Rakiya. Duk yaran da na koya wa babu kamarta, Lami ko kusa. In kin gan ta kada ki faɗa mata, kin ji?"

Iya Mulika ta tafa hannu tana hawaye. "Alhamdu lillahi, ta kira sunanki! Rakiya, ta gane ki!" Baiwar Allah, da zuciya ɗaya ta faɗa. A wurinsu Yarbawa uwa da sunan ɗan fari ma ake kiranta, ina za ta sani? Na tashi na shiga bayan ɗaki na toshe bakina da zani, na yi kukan da ban yi ba ko ranar da aka ce Inna ta yi takaba. Abin da na jira tun ina yarinya ya zo, suna da yabo a rana ɗaya, kuma ba ni aka ba wa ba. Wata baƙuwa mai kiɗa aka ba wa.

Ta ƙara shekara biyu a duniya, kuma tun daga ranar sunan bai bar bakinta ba. Safe da yamma, "Rakiya! Rakiya!" Ta kira a tsakar gida, ta kira ta taga, har yaran unguwa suka haddace. In na taho da gudu na ce, "Na'am, Inna, ga ni," sai ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ba ke ba. Je ki kira mini ita." Na gwada komai. Na kawar da kai yadda muka saba, na buga ƙwarya da ƙarfi da gangan ko za ta ce a gaya wa mai ƙwaryar can ta sassauta hannu. Sai ta yi dariya ta ce, "Sannu, baƙuwa." Da asubar da ta cika ina riƙe da kanta a cinyata, kuma ni take nema.

Mutane sun yi ta ba ni haƙuri, wai ai ko ba komai na ji da kunnena tana sona. Na sani. Ai tun a bakin murhu ta faɗa mini, ni ce ban da kunne, na tsaya ina zagin matar tatsuniya. Yanzu na tsufa, ni ma ina da ɗan fari da ban taɓa kiran sunansa ba, yana can Ojoo yana sana'ar mota kamar kakansa. Yaran zamani suna cewa wannan al'ada ta wuce, ban yi musu gardama ba. Abin da na sani shi ne dodon ya yi ƙaura kamar yadda ta ce, kuma bai zo ta rafi ba, ta cikin kanta ya zo. Bai sami yarinyar ba sai ya ɗauke uwar.

Daronta yana nan ƙarƙashin gadona da ƙwaryar a ciki, ban ƙara zuba masa ruwa ba. Makon jiya na zuba gishiri a koko. Ɗana ya zo gaishe ni ya yi ta dariya, ni ma na taya shi. Da zai tafi na kawar da kai na ce, "Kai, ja mini ƙofa." Bai san abin da na ba shi ba, kuma ban san saura nawa ya rage mini in ba shi ba.