Zaman Gaban Tukunyar Gumi

Wata Talata da hantsi, shekara biyu bayan an sako ruwan kanal ta bayan garinmu a ƙasar Bunkure, Inna ta zaunar da ni gaban tukunyar gumi, ta tafi gidan suna. Ban fi shekara tara ba. Shinkafa shanshera ce ta kwana a jiƙe, an tsame ta, an rufe da buhu tana turara. Inna ta ce, "Idonki a kan tururi, hancinki a buɗe. Da kin ji ƙamshi ya juya, ƙaiƙayi ya fara tsagewa, ki janye itace." Sai ga ƙawayena a zaure da duwatsun carafke. Na ce bari in yi wasa ɗaya. Kafin in dawo ruwa ya ƙone, gindin tukunya ya kama, gida duk ƙauri. Inna ba ta taɓa ni ba. Sati guda ta sa ni zaman murhu, ba hira, ba tashi, har na kai ko na juya baya ina sanin shinkafa ta yi. Da wannan hancin na aurar da 'ya'ya biyar, ni da ban taɓa shiga aji ba, kuma har Kura an san gumina.

Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya yi hazo. Cikin jikokina Zahra'u kaɗai ta ce za ta karɓi sana'ar, ni kuwa ban yarda da ita ba. Yarinyar da ba ta iya jin labari har ƙarshe, yatsa kullum yana ture bidiyo, wani bai ƙare ba ta hau wani. Ranar farko ta tambayi abin nan na cikin waya mai amsa kowace tambaya, wai minti nawa ake turarawa. Ya faɗa mata, ta saita ƙararrawa, ta koma kallonta. Na ce, "Ƙawata, shi malamin naki ya san itacen nan ɗanye ne?" Ta ce, "Tsohuwa, zamani ya wuce ki." Rabin buhu ya fito cikin ƙwayar da fari, bai turaru ba, a injin casa ya kakkarye. Na ce a raina shi ke nan, da ni za a binne gumin gidan nan.

Sati ya zagayo, ba wanda ya ce mata komai, na ga ta ajiye wayar a ɗaki, ta jawo kujera 'yar tsugunno gaban tukunya. Tana ta mutsu-mutsu, hannu yana laluben gefen zani inda ta saba soke ta, amma ta zauna. Can ta ɗago kai ta ce, "Kaka, kamar ƙamshin ya juya." Ni ma a daidai nan na ji. Na ce, "To me kike jira, in zo in yi miki guɗa?"

Mu a da zama ba abin koyo ba ne sosai, don abin da ke kiranmu kaɗan ne, shi ma sai ya zo zaure. Su nasu yana cikin tafin hannu, ba ya gajiya da kira. Ina kewar tsakar gidan Inna da shirunsa. Amma ranar nan na ci tuwona hankali kwance.