Silin Gashin Otoki

A birnin Osaka na ƙasar Japan babu wanda bai san Otoki mai rufa-ido ba. Takarda take yagewa a gaban jama'a, ta murɗa ta, ta kaɗa mafici, sai ga malam-buɗe-littafi yana tashi, ya sauka a bakin kofin shayi, ya sake tashi. Tun tana 'yar shekara goma sha huɗu take wannan sana'a, asirin kuwa bai wuce silin gashi ɗaya ba, baƙi wuluk, wanda ake liƙa wa takardar a ɗaure shi a wuyan rigarta. A hasken kyandir ko mai idon shaho ba ya ganinsa.

Otoki akwai cika baki. Wai gashinta kaɗai takarda ke yi wa biyayya. Kullum kafin wasa sai ta tsige sili ta miƙa wa mijinta Genpachi, mai kaɗa mata ganga, ya liƙa. Da furfura ta zo, Otoki ta yi kamar ba ta gani ba, madubi ma ta daina gaisawa da shi.

Ran nan mura ta kwantar da Genpachi, ta liƙa abinta da kanta. Gidan wasan kuwa ya sa sababbin fitilu masu hasken tsiya. Malam-buɗe-littafi na tashi, wani mai sayar da kifi ya ɗaga murya: "Inna, wannan ai da linzami yake, fari fat!"

Aka kwashe da dariya, har da jifa da matasan da ake zama a kai. Ta ji kunyar da ba ta taɓa ji ba, ta tabbata wasa ya ƙare mata.

A gida ta tsaya a kan mijinta. "Kai tsoho, shekara nawa ina da furfurar nan ba a gani ba, sai yau?"

"Au, ashe kin san da ita?"

Ya jawo wani ɗan akwati daga ƙarƙashin shimfiɗa. Tukkunsa ne a ciki, wanda ya yanke tun shekarar da hukuma ta ce maza su yi aski, yana nan baƙi, amma ya sirance.

"Naki a hannun riga nake zubawa," in ji shi. "Da wannan kike tashi."

Ta daɗe tana kallon akwatin. "Gashi kamar na jelar doki. Saura sili nawa?"

"In kika daina tsinka su, za su kai mu shekara biyu."

"To, tashi ka sha magani. Gobe akwai wasa."