Agogon da ke Hannun Kakana

Yau shekara goma sha ɗaya da rasuwar mahaifiyata Hajara, Allah Ya jiƙanta. Cikin kayan da ta bari, wanda aka fi gardama a kansa wani tsohon hoto ne da ta naɗe a ƙyalle a ƙasan akwati: saurayi zaune kan kujera, da agogo a hannu.

Inna ta ce mahaifinta ne, Mamman, wanda aka ɗiba soja daga Tungan Magajiya zuwa yaƙin Bama tana goye, bai dawo ba. Dangi kuwa suka ce ƙanensa ne, Baffa Audu, don kamarsu ɗaya. Hujjarsu agogo. Mamman manomi ne, ko a mafarki bai ɗaura agogo ba, Audu kuwa ya sayi nasa bayan yaƙi. Da karatuna da komai na bi sahunsu. Har na taɓa ce mata, "Inna, ki haƙura, wannan Baffa ne." Ta karɓe hotonta ta ce, "Kai da ka san boko. Ni dai na san ubana." Har gobe maganar nan tana ci mini rai.

Sai da ta rasu na juya bayan hoton. Akwai hatimi da ya kusa gogewa, sunan wani Lasisi mai hoto, da Zungeru a ƙasa. Na yi ta bin tsofaffin gidajen Kontagora, babban garin yankinmu, ina roƙon a nuna mini hotunan kakanni, wasu na yi mini kallon wanda ya rasa aikin yi. Na samu bakwai na Lasisi. Huɗu hatiminsu Zungeru, uku Kontagora. Abin dariya, maza biyar a ciki da agogo iri ɗaya, duk ƙarfe goma da minti goma.

Aka kai ni wurin 'yar Lasisi, wata tsohuwa a bayan kasuwa, mai Hausa da gargadar Yarbanci. Tana ganin hoton ta kwashe da dariya.

"Ɗana, agogon Baba ne. Ba ya ma tafiya. Duk wanda ya zauna sai ya ɗaura masa, don a gan shi babban mutum."

Na tambaye ta hatimin. Ta ce da can daga Zungeru yake zuwa da akwatin hotonsa ranar kasuwa. Ana cikin yaƙi ya tare a Kontagora, ya sake hatimi. Ke nan an ɗauki hotonmu tun Baffa Audu bai fara gemu ba. Mamman ne, ba ko tantama.

Yanzu jikokin Inna kan ɗauki hoto hamsin kafin a sauke tuwo, waya na rubuta musu rana da sa'a. Na san da tana nan cewa za ta yi, duk wannan tarin, wanne za su naɗe a ƙyalle? Ita guda ɗaya ta samu, ta riƙe shi shekara da shekaru, gida guda na ƙaryata ta.

Na so ƙwarai in durƙusa gabanta in ce na yi kuskure, ban samu ba. Abin da na iya shi ne na ɗauki fensir, a ƙarƙashin hatimin Lasisi na rubuta: Mamman, uban Hajara.