Iya Tela da Haruffan Ƙyalle

Ƙyauren ɗakina yana kallon nata, ba abin da ya raba mu sai 'yar tsakar gida da famfo, saboda haka duk abin da ya faru a ɗakin Iya Tela na ji ko na gani. Gidan haya ne mai ɗakuna a jere. Nata biyu ne, na ciki na kwana, na waje kuma nan keken ɗinkinta yake, da teburin yanka, da dutsen guga na gawayi. Mijinta direban babbar mota ne, sai a daɗe ba a ga ƙeyarsa ba. 'Ya'yansu biyu. Macen muna ce mata Yaya, don haka ƙanenta yake kiranta, shi kuma Auta.

Mace ce mai zafin hannu. Ubanta ma tela ne, da bel ya koya mata sa zare a allura, kuma ba ta ɓoyewa. Takan naɗe hannun riga ta nuna mana tabo ta ce, "Wannan na ranar da na karya allurar keke ne." Ta kusa gama sakandare aka cire ta aka zaunar da ita gaban keke.

A lokacin unguwarmu ta rabu biyu. Wata babbar kwata ce ta ratsa ta, samarin tsallake da na ɓangarenmu kuma ba sa ga maciji. Abin da ya fara da gardamar ƙwallo ya koma na adda da gora. Makarantar yara a tsallake take, dab da gadar katako.

Wata rana ana tashi daga makaranta faɗa ya ɓarke a bakin gadar. Jagoran samarin ɓangarenmu, wanda ake kira Kwalba saboda ba ya faɗa sai da fasasshiyar kwalba, ya kai wa wani suka. Wancan ya goce, kwalbar ta sauka a kumatun Yaya. Mai facin taya na bakin titi ne ya ɗauko ta a kafaɗa, farar rigarta ta rine, fatar kumatun tana reto. Iya Tela ba ta yi kuka ba. Ta danne wurin da yadin da take ɗinkawa, ta ce in riƙe mata Auta, ta fita da gudu ko takalmi babu.

Washegari da aka ɗinke fuskar, ta ɗauki almakashinta ta nufi gidan su Kwalba. Ya gudu. Ta farfasa musu tagogi, ta shaƙe ƙanensa a jikin bango har sai da maza suka ɓamɓare ta. Uwarsa, tsohuwa mai wankau, tana durƙushe tana cewa, "Ki yi wa Allah, 'yar nan, ni ma ya fi ƙarfina."

Da ta dawo ta tsaya a tsakar gida tana haki, ta ce, "'Ya'yana ba za su ƙara tsallaka kwatar nan ba. Karatu dai ko? Ni zan koya musu."

Ba a jima ba ma aka rufe makarantar, bayan an karya wa wani malami hannu.

Farkon koyarwarta azaba ce. Da allin tela take rubutu a jikin ƙyaure, katakon awo yana ɗaya hannun. Auta ya kasa raba b da d. Ta nuna, ya kuskure, ta zabga masa. Ta sake nunawa, ya sake kuskurewa. Wata safiya ya kauce wa duka, katakon ya same shi a baki, haƙori ya faɗo a kan tabarma da jini. Yaya tana gefe, fuskarta a naɗe da bandeji, ba ta iya buɗe baki sosai, amma ta ce, "Iya, a waje a yanke mu, a gida ma?"

Can sai ga Iya Tela ta fito, ta wurga katakon kan rufin kwano, ta zauna a bakin famfo ta daɗe. Da ta tashi ta zazzage buhun ƙyallayen da take tarawa. Ta yanka b da karammiski mai laushi, ta yanka d da buhu mai kaushi, ta ɗinka kowanne a kan kwali. Ta ce wa Auta, "Rufe ido. Shafa. Wanne ne wannan?" Yaro da kumburarren leɓe ya shafa ya ce, "Na bargo ne." Ta ce, "Wannan fa?" Ya ce, "Na doki." Kafin mako ya zagayo ta yanka sauran haruffan duka, ta rataye su a igiyar shanya.

Ba wai ta zama mai sanyi ba. Tsawa tana nan, zagi ma yana nan. Hannu ne kawai ta janye. Ni ce na fara tura mata nawa yaran, sai matar kafinta, sai matar mai gyaran rediyo, har ɗakin ya cika.

Ba ta da littafi ko ɗaya, sai abin da ɗakin ya ba ta. A tef ɗin awo suka koyi lambobi, suna auna tsawon juna da faɗin ƙofa. Da maɓallai suka koyi tarawa da ɗebewa. Rabi da kwata kuwa a gabansu take naɗe yadi ta yanka. Ƙanana tana zuba musu yashi a tire su yi rubutu da yatsa, in sun ɓata su girgiza su sake. Ta hana mu zubar da kwalin sabulu da gwangwanin madara, duk rubutun jikinsu sai an karanta. Bayan tsohuwar kalanda shi ne takarda. Ba ta tsawaita zama. Da ta ga an fara hamma sai ta kora su waje, kowa ya nemo mata abu mai farawa da harafin ranar. Wanda ya iya abu, shi zai koya wa na ƙasa da shi yayin da ita take taka keke.

Ɗana na tsakiya ya taɓa shigowa da gudu, wando a jiƙe, yana murna. "Iya, na karanta bango da kaina! An rubuta ba a fitsari a nan!" Ta ce, "Kai kuma me kake yi a wurin?" Ya ce, "Ai na riga na fara."

Ranar da faɗan ya shigo mana gida da hantsi ne. Ta hura gawayi a dutsen guga, yara suna zaune suna jera maɓallai, ni ina wanki. Muka ji ihu a lungu, sai ƙofar gida ta bugu. Kwalba ne ya faɗo, hannunsa dafe da ciki, jini yana bin ƙafarsa. Ɗakinta ne a buɗe, nan ya shige ya kife a tsakiyar yara.

"Ku shige ciki!" ta daka musu tsawa. "Maƙwabciya, zo ki sa musu sakata!"

Ina tura na ƙarshe samarin tsallake suka shigo gidan da adduna. Ta tsaya a bakin ƙofa, dutsen guga a hannunta. Na gabansu, wani dogo mai jan ido, ya ce, "Mama, matsa. Ba da ke muke ba."

"Ɗakin nan da yara a ciki."

"Wannan ne fa ya yanka 'yarki. Miƙo mana shi, mu rama miki."

"Na aike ka? Fita!"

Ya ɗaga adda don ya tsorata ta, ba ta motsa ba, sai ya sauke da gaske. Ta tare da hannun dama. Na ji ƙarar ƙarfe a kan ƙashi. Kafin ya sake ɗagawa ta manna masa dutsen a ƙirji da hagu. Ya ƙwalla ƙara, ƙaurin fata ya cika ɗakin. Ta buɗe murfin ta watsa wa na bayansa garwashi a fuska. A nan matan gida suka fito, wata da itace, wata da tukunyar ruwan zafi, muna ta kururuwa har maza suka fara dirowa ta katanga. Samarin suka ja ɗan'uwansu suka fice.

Ta juyo kan Kwalba. Sai da ta shure shi a haƙarƙari, sannan ta jawo leshin wata da ta kawo ɗinki ta ce in ɗaure masa ciki, don hannunta ya ƙi. Yana nishi yana cewa, "Na gode, Iya." Ta ce, "Rufe min baki. Ba don kai na yi ba. Ba za a yanka mutum a gaban yaran nan ba."

Yatsunta biyu ba su ƙara lanƙwasuwa ba, ɗinki mai kyau ya gagare ta. Mijinta ya dawo ya ce a tashi daga unguwar, ta ce sai dai ya tashi shi kaɗai. Yaran kuwa sun firgita. Auta ya koma fitsarin kwance, sauran ba abin da suke zanawa a yashi sai adda da mutum a kwance. Ba ta hana su ba. Takan ce, "To, wane ne wannan? Ba ni labarinsa." In yaro ya gama, ta sa shi ya rubuta kalma ɗaya daga ciki. A hankali adduna suka ragu, motoci da kyanwoyi suka dawo.

Bayan an kafa ofishin 'yan sanda a bakin gada aka buɗe makaranta, yaranmu suka koma ba tare da an mai da ko ɗaya baya ba. Ita dai ba ta rufe nata ɗakin ba, ƙananan da ba su isa shiga aji ba suna zuwa har yau. Kwalba ya warke, ya yi zaman gidan yari, ya fito ya yi aure, daga baya aka kashe shi a wani faɗa a tasha.

Kwanakin baya tsohuwar nan mai wankau, uwar Kwalba, ta shigo gidanmu riƙe da hannun wata 'yar yarinya, ta tsaya daga nesa ta kasa ƙarasowa. Iya Tela ta leƙo, ta dubi yarinyar sama da ƙasa.

"Tasa ce?"

"Tasa ce, 'yar nan. Uwar ta tafi ta bar min ita."

"Ta ci abinci?"

"Ta ci."

"To ke, cire takalmi ki shigo. Ke kuma Inna, ki zo ɗaukarta da wuri. Ni ba mai raino ba ce."