Injiniya, Ni Na Goge Tsagar

Mai abu Ya karɓi abinSa. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya yi wa maƙwabcina mai gyaran kwamfuta rasuwa, wanda duk layinmu ke kira Injiniya. Ciwon ƙirji ne na kwana uku. Bango ɗaya ya raba shagonsa da nawa na kafinta, amma sai a bakin mai facin taya na ji. Ba wanda ya ga ya dace ya leƙo ya ce mini yana kwance. Wannan ma na riƙe shi.

Ban yi makaranta ba. Jikata ce ke riƙe da biro ina faɗa, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana.

Injiniya, tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In ɗauki zarto in ajiye, in fita in tsaya gaban ƙofarka in dawo. Akwai maganar da nake ɓoyewa, yau zan faɗe ta.

Shekara shida ba ma shan inuwa ɗaya da kai, saboda indararon rufinka da ke zuba a kan katakona. Sau biyu ka gyara, sau biyu na ce bai gyaru ba, kuma har gobe ina kan bakana. Duk da haka ba ka taɓa wucewa ba ka ce “Baba Kafinta, an tashi lafiya?” ba, ko da gyaran murya kawai zan amsa.

Yarinyar nan ubanta ya ajiye mini ita ya tafi aiki nesa, sai dai a ji shi a waya yana ba da umarni. Shekararta sha uku. Da ta ce kwamfuta take so ta haɗa da hannunta, na ce akwati ne da wayoyi, ta nemi abin yi. Na hana ta shiga wurinka. Ta shiga.

Ba ka miƙa mata haɗaɗɗiya ka huta ba. Takarda ka ba ta, ka ce ta fara rubuta abin da za ta yi da ita. Ta ce zanen gidaje. Ka ce to, daga nan sai bod, wato farantin nan da kowane kaya ke hawa kansa, kuma duk abin da za ta zaɓa ta fara tambaya ko za su daidaita da shi. Ƙwaƙwalwar kwamfutar tana da mazauninta. Wutar dole ta ishi kowa. Fanka kada ta fi murfi tsayi. Mako uku tana rubutawa tana sokewa, ba ka taɓa faɗa mata amsa ba, sai dai ka ce, “Malama, sake duba lambar.” Ta dawo gida tana huci, gobe ta koma. Duk ina ji ta bango, ina yi kamar gogar katako nake.

Har awo ka aiko mini, wai in yi mata akwatin katako mai ramukan shan iska, don hannun kakanta ya shiga aikin. Na ce in ka gyara indararo.

Kaya suka haɗu saura ɗaya, siririn nan mai haƙoran zinariya da ake ce wa memori. Tana da jarrabawa, sai ta ba ni takardar ta ce in miƙa wa mai shago a kasuwa. A nan ne abin yake. Ki rubuta, na ce.

Ban miƙa takardar ba. Kafin in fita na sa tef na auna gurbin da ke jikin bod. Mai shagon ya ce, “Baba, wane iri? Ina takardar?” Na ji kamar ya gane ban iya karanta ta ba, ga mutane tsaye. Na ce shekara hamsin ina awo, ba takarda ce za ta koya mini tsawo ba. Na auna, na ɗauki wanda ya zo daidai, ko gashi ɗaya bai ƙaru ba.

A gida ya ƙi shiga. Akwai wata 'yar tsaga a tsakanin haƙoran, ba ta zo daidai da tudun da ke cikin gurbin ba. A sana'ata abin da ya ƙi shiga ba a roƙonsa. Na ɗauko magagari na faɗaɗa tsagar, na danna da babban yatsa, ya zauna. Har daɗi na ji. Ta dawo daga makaranta ta kunna, fanka ta juya sau ɗaya ta tsaya, warin ƙuna ya cika ɗakin.

Ta yaga takardar gida huɗu. Ta ce ita ce ta yi kuskuren lamba, kanta ba na wannan aikin ba ne. Ina tsaye ina ji, na bar ta da laifin.

Da ta kai maka kayan har da yagaggiyar takardar, ka zare memorin ka ɗaga wajen haske. Ka ga sawun magagari. Ka dube ni a bakin ƙofa, duba ɗaya, sannan ka ce mata, “Takardarki daidai take, wannan kayan ne ba na nan ba.” Ta ɗauka lallashi ne. Da rana ka shigo shagona, karo na farko cikin shekara shida, ka ce, “Baba, ni ba zan faɗa mata ba. Amma yarinyar nan ta daina yarda da kanta a kan laifin da ba nata ba. Daga bakinka ya kamata ta ji.” Na ce ka fita mini daga shago. Ita ce maganata ta ƙarshe da kai. Kwana goma sha biyu tsakaninta da rasuwarka.

Da na kawo nan, jikata ta ajiye biro ta fita. Na zauna, na tashi, na leƙa, ban san ko za a ƙarasa rubutun ba. Yanzu ta dawo, ido ja, ta ce, “Kaka, magagari? Ƙofa ka ɗauka?” Tana dariya tana share hanci. Na ce ta rubuta wannan ma, ai na cancanta.

Shekaranjiya matarka ta aiko da kwali, an same shi ƙarƙashin teburinka. Bod ɗin ne, ka canza masa gurbin da ya ƙone. A samansa takardar nan, ka liƙe ta gida huɗun, ba ka gyara ko harafi ɗaya ba.

Akwatin na yanka shi jiya, ramuka goma sha shida yadda ka auna, ban ƙara ba ban rage ba. Gobe da safe zan koma wurin mai shagon nan, ita tana gefena, in miƙa masa takardar in ce, “Ɗana, ban iya karatu ba. Karanta ka ba ni abin da jikata ta rubuta.” Indararon kuwa ni zan hau in gyara wa iyalinka kafin ruwa ya sauka. A karkace yake, na faɗa na ƙara.

Allah Ya jiƙanka, Injiniya, Ya yafe maka, Ya rufa maka asiri yadda ka rufa mini nawa. Ya haskaka makwancinka, Ya sa Aljanna ce gidanka. Ina yi wa matarka da 'ya'yanka uku da mahaifiyarka ta'aziyya, Allah Ya ba su haƙuri, Ya tsaya musu. Ni kuma da ban nemi gafararka kana ji ba, ina nema yanzu a gaban shaida.