Hannun Baba a ƙirjina

Shekarun baya, lokacin ina aiki a wata masaƙa a Sharaɗa, nan Kano, ina da aboki da muke sashe ɗaya, cocinmu ma ɗaya. Mahaifinsa tsohon makanike ne, a Bompai ya ƙarar da ƙuruciyarsa cikin injinan saƙa, har ƙararsu ta cinye masa kunne. In za ka gaishe shi, sai ka yi ihun da har mutanen unguwar Na'ibawa, can nesa, za su amsa.

Kwatsam Baba ya daina zuwa sujada. Fasto ya je, dattawa sun je, ya ce a ƙyale shi. Abokina ya ce min, "Ba wa'azin ne damuwarsa ba, yana karatunsa a gida. Waƙa ce. Ya ce in ya ga bakuna na motsi shi bai ji komai ba, ji yake kamar ana biki a gidansa ba a gayyace shi ba. Ko abinci ya rage ci."

Ni kuwa Allah ya ba ni murya. Ban ce mai daɗi ba, na ce murya. Shugaban mawaƙanmu ya taɓa roƙona in riƙa yabon Ubangiji a zuci, wai kwanon rufin coci sabo ne. Na bugi ƙirji na ce wa abokina, "Bar ni da Baba."

Ran Asabar da yamma na iske su a gidansu da ke Panshekara. Na durƙusa na gaishe shi, na buɗe littafin waƙoƙi, ya nuna wadda yake so, na saki murya. Kaji suka watse. Maƙwabcinsu, wani Malam mai kanti, ya leƙo ta katanga ya ce, "Lafiya dai? In kawo ruwa ne, ko ba gobara ba ce?"

Baba kuwa kallona kawai yake. Ya girgiza kai. Bai ji ba. Duk cika bakin nan, jikina ya yi sanyi.

Ina shirin rufe littafi sai ya ce, "Matso, yaro." Ya ɗora tafinsa a ƙirjina, yadda tsofaffin makanikai ke dafa inji su gane lafiyarsa, tunda a cikin masaƙa kunne ba ya aiki. Ya ce, "Tayar," kamar inji zan kunna.

Na sake ɗaukar waƙar. A baitin farko idonsa a rufe yake. Muna zuwa amshi sai leɓensa ya fara motsi, sai ga murya ta fito, a dishe, amma daidai da tawa. Abokina ya juya baya yana share ido, wai hayaƙin murhu ne, alhali ba a hura wuta ba.

Da muka gama na nuna kunnena na ce, "Baba, kun ji?"

Ya ce, "Na ji. Amma kana gudu a baiti na biyu. Injin da ke gudu haka zare yake tsinkawa."

Washegari Lahadi ya riga kowa shirin zuwa coci. Tun daga ranar benci ɗaya muke zama, hannunsa a bayana, har Allah ya ɗauke shi.

Da can na ɗauka waƙa ɗan ɗumi ce kawai kafin wa'azi. Ashe wa'azi mutum ɗaya ke yi, waƙa kuwa nan ne kowa ke sa bakinsa, wanda aka bari a baya ya zama baƙo a cikin 'yan'uwansa. Ban taɓa sa rigar mawaƙa ba, amma ku nuna min wanda ya taɓa mayar da kurma cikin waƙa a duk Kano! Har yau in muka miƙe za mu rera, ina jin ɗumin tafin nan tsakanin kafaɗuna, sai in ƙara murya.